Rantsuwar Gambo Taɓarya

Jiya na ji ɗayanku yana cewa wai ɗaurin hannun ɗan dambe ba sana'a ba ce, duk wanda ya iya ɗaure akuya zai iya. Ban tanka masa ba, don bakina cike yake da goro. Yau na tofar, sai ku matso ku ji.

Ni ɗan mahauci ne, kuma dambe wasan mahauta ne, amma Allah bai ba ni ƙashinsa ba. Sau ɗaya na taɓa shiga fage. Wani gajere ya taɓa ni a gindin kunne, na wuni ina jin kiran salla ba lokacinta ba. Da babana ya ga haka sai ya kama hannuna ya kai ni wurin Baba Cindo mai ɗauri, ya ce, "Ga shi nan, tunda ba zai iya duka ba, ya koyi yi wa masu duka hidima." Lokacin Turawa ba su daɗe da yanka wa baƙi wannan tudun, Tudun Wada, ba. Babu gidajen nan da kuke gani, bukkoki ne da dangar kara, sai rumfunan mahauta a gefe, sai kukan jirgin ƙasa daga can tasha, wanda tsofaffi ke toshe wa kunne suna neman tsari.

Aikin farko da Baba Cindo ya ba ni, ƙafar sa ce. Kullum da safe in je mahauta in karɓo ɗaya, in zauna in naɗe ta da tsumma, in bi da zare, shi kuma ya zo ya murɗa. In zaren ya motsa, ya ce na karya wa sa wuyan hannu. In ya nutse cikin fata, ya ce na kashe masa jini. Ko wanne ne dai ranƙwashi ɗaya ne. Da yamma a dafa ƙafar, ya ci nama, ni in sha romo. Na daɗe a haka har karnukan unguwa suka san ni, suna raka ni masallaci.

Ga yadda aikin yake, tunda kun ce babu wuya. Ka fara shafe hannun da man kaɗanya. Ka sa mutum ya dunƙule, babban yatsa a waje, kwance a kan sauran. Ka kawo tsumman saƙi mai laushi, shi muke kira kara, ka fara daga wuyan hannu, don a nan hannu ke karyewa, ba a dunƙulen ba. Sannan zare ya biyo baya, igiyar auduga ce mai ƙulle-ƙulle wadda kai da kanka ka tufka, ba ta kasuwa ba. Kowane zagaye ya hau kan rabin na bayansa. Kana ɗauri kana kallon fuskar mutum, don bakin ɗan dambe ba ya cewa ya yi zafi, girarsa ce ke faɗa. A wajen ƙaramin yatsa kuma Baba Cindo kan bar 'yar kafa wadda tsinke zai shiga. Ta nan ake tsikarar mutum a ji ko hannun na da rai.

Masu kawo hannu iri-iri ne. Akwai wanda zai zo da layu cike da aljihu ya ce duk a cusa masa a tafi, har hannun ya ƙi dunƙuluwa. Wani ya taɓa kawo mini laya mai girman ƙwan agwagwa, na ce masa wannan sai dai ya jefi abokin karawarsa da ita. Akwai masu raɗa maka a kunne ka tsoma musu zare a ƙaro ka barbaɗa garin kwalba, tun da kwalaben Turawa suka yawaita. Irin waɗannan Baba Cindo ba ya ko yi musu faɗa, tabarmarsa yake naɗewa ya bar su tsaye. Dokarsa babba guda ce: zare ba ya kai magariba. Ko ka ci ko an ci ka, kafin ladan ya buɗe baki ka miƙo hannu a kwance, ka wanke, ka bi sahu da wanda kuka gama naushin juna.

Bayan rasuwarsa na gaji tabarmar, na kuma gaji hannun Gambo Taɓarya. Gambo mahauci ne, baƙi, gajeren wuya, ƙirjinsa kamar ƙofar zaure. Daga Tudun Wada har cikin birni, har ƙauyukan da muke zagayawa bayan kaka, ba wanda ya taɓa kai gwiwarsa ƙasa. A dambe kuwa da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa, shi ke nan, an kashe ka, haka muke cewa. Ba mugun mutum ba ne. Ba ya shan komai, ba ya bin mata, salla kuwa ko a tsakiyar fiɗa ya ji kira zai ajiye wuƙa. Ciwonsa ɗaya: ya ɗauka rashin faɗuwar nan wata yarjejeniya ce tsakaninsa da Ubangiji, shi yana ba da salla, ana ba shi nasara. Ga kuma makaɗinsa, Ɗanjuma mai kalangu, wanda ke hura masa kai safe da yamma saboda tsokar da yake samu.

Sai shekarar fara ta zo. Ta sauka gero na fitar da kai, ta tashi ta bar kara tsirara. Hatsi ya ɓuya, shanu suka rame, mai sayen nama ya zama abin kallo. Leburorin da suka zo aikin layin dogo aka sallami da yawansu, suka watsu cikin unguwanni suna neman abin kai wa baki. Duk da haka da kaka ta yi, irin kakar da aka samu, Sarkin Fawa ya ce a yi dambe ko mutane sa manta da cikinsu na yini guda. Matsalar ita ce ba mai son tsayawa gaban Gambo. Sai aka yi shela: duk wanda ya shiga da shi, ko ya ci ko bai ci ba, yana da ƙwaryar dawa.

Bayan la'asar wani dogo ya ratso taro ya tsuguna gaban tabarmata. Sunansa Sanda, lebura ne daga arewa, ba wanda ya san shi. Ya miƙo mini hannu, na kama, na ji kamar na riƙe sillen kara. Sai da na ninka tsumma kafin zare ya sami abin kamawa.

Na ce, "Bawan Allah, ka taɓa dambe kuwa?"

Ya ce, "Na taɓa kallo."

"Ka san wanda za ka shiga da shi?"

"An ce akwai dawa."

Na ɗaure shi ina yi masa addu'a a zuci, don na tausaya masa ƙwarai.

Kalangu ya ɗauka. Gambo ya zagaya fage yana kirari, mata na guɗa daga bayan danga. Sanda na tsaye a tsakiya yana layi kamar zangarniya. Gambo ya miƙa hagu yana auna shi, ya ja dama baya, ya zabura. Abin da ya faru daga nan, kowa da yadda ya ba da labarinsa. Ni dai na ga Sanda ya karkace gefe, naushin Gambo ya bi iska, dogon hannun nan ya zo daga inda ba a zata ba ya sauka a ƙasan muƙamuƙi. Sai ga Taɓarya a durƙushe, gwiwa biyu da tafin hagu a ƙasa. Ɗanjuma ya tsaya da sandar kiɗa a sama, baki buɗe.

Sanda bai ko ɗaga hannu ba. Ya dawo wurina na kwance shi, ya rungumi ƙwaryarsa ya ɓace cikin mutane. Na juya wurin Gambo na ce ya kawo hannu, rana ta yi ƙasa. Ya fizge. Ya hau kan turmin da Sarkin Fawa ke ɗora ƙafa, ya ɗaga dunƙulen sama, ya ce da ƙarfi, "Na rantse da Allahn da ya halicce ni, ba mai kwance zaren nan sai na kai mutumin nan ƙasa!"

Taro ya ɗauki sowa, Ɗanjuma ya farfaɗo ya hau kiɗa. Ni kuwa ban yi sowa ba, don ni na yi ɗaurin, na san irin matsin da na yi masa. Ɗauri ne na yamma ɗaya.

Da gari ya waye aka shiga neman Sanda. Babu shi a tasha, babu shi a kasuwa. Wasu suka ce ya hau jirgi ya yi Kano. Wata mai koko ta rantse ta ga ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa, aljani ne. Gambo ya ce ko ɗan sarkin aljanu ne zai jira shi.

To, ku da kuke ganin ɗan dambe a fage kuna sha'awa, ba ku taɓa ganinsa a gida da hannu a ɗaure ba. Ba ya iya riƙe wuƙa, don haka rumfarsa ta tsaya. Ba ya iya cin tuwo, ga shi ya ce shi ba zai ci da hagu ba yana Musulmi. Sai matarsa Lami ke ba shi a baki, tana yi tana mita: "Buɗe, Sarkin Rantsuwa. Na yaye 'ya'ya na huta, ga shi an kawo mini mai gemu." Mazagin wando ma sai an ɗaure masa. Wata rana ya kwance masa a tsakiyar kasuwa, ya tsaya riƙe da wando da hagu yana kiran sunana kamar ana yanka shi. Wata rana kuma yana gyangyaɗi a inuwa ƙuda ya sauka masa a goshi, ya manta ya kai masa duka. Sai da aka yayyafa masa ruwa. Mahauta suka ce yanzu mutum biyu ke nan suka taɓa kashe Taɓarya.

Duk wannan abin dariya ne, na kuma yi dariyar. Amma hannun ya fara kumbura ta saman ɗaurin, fatar ta yi sheƙi, wani wari na tashi. Kullum sai na je na zura tsinke ta kafar nan. Da farko yana zabura ya zage ni, ina jin daɗin zagin. Ranar da na tsikare shi ya ci gaba da hira bai ko juyo ba, na ji hankalina ya tashi.

Na ce, "Gambo, hannun nan mutuwa yake yi. Bari in sassauta ko zagaye biyu."

Ya ce, "Sassautawa ƙanwar kwancewa ce. Ilu, kai ba ka san girman rantsuwa ba."

"Na san girman hannu. In ya ruɓe, wanzami zai yanke shi daga gwiwa."

Ɗanjuma na gefe yana tsotsar ƙashi, ya ce, "Rabu da shi, maigida. Maza ba sa warware magana." Da ina da ƙashin dambe, da ranar na gwada shi a kan makaɗi.

Limamin masallacinmu, Malam Haruna, ya tafi birni zaman makoki tun kafin a yi damben. Ranar da ya dawo ban bari ya cire takalmi ba na zayyana masa komai. Tsoho ne siriri mai sanyin magana. Ya saurara, ya ce in je, zai gani da azahar.

Da azahar Gambo na tsugune a bakin masallaci yana alwala. Ya wanke fuska da hagu, ya jiƙa yatsu ya shafa a kan zaren, kamar yadda ya saba yi tun ranar. Malam ya tsaya a kansa, mutane na ta taruwa.

"Gambo, me ya sami hannun?"

"Rantsuwa ce, Allah gafarta Malam."

"Na ji wannan. Cewa na yi, da aka ɗaure shi rauni ne da shi? Karaya ko ƙuna?"

"A'a, lafiyarsa ƙalau."

"To, shafa a kan ɗauri rangwame ne da aka yi wa mai rauni. Kai lafiyayyen hannu ka ƙunshe don an kayar da kai a gaban mata. Tun ranar nan ba ka da alwala."

Gambo ya ɗago kai a hankali. "Sallolin da na yi fa?"

"Sai ka rama."

"Dukansu?"

"Dukansu. Nafilfilin da aka ce kana yi don Allah ya kawo maka mutumin, su kam ba sai ka rama ba."

Wani ya tuntsire da dariya a baya, aka zungure shi. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar Gambo ba sai ranar. Yanke hannu bai girgiza shi ba, amma a ce duk kwanakin nan yana ta dungura goshi a banza, wannan ya shige shi. Muryarsa ta yi ƙasa.

"Malam, ni fa ban taɓa wasa da salla ba. Me ya sa Allah zai bari a kunyata ni a hannun wanda ko sunansa ba a sani ba?"

Malam ya ce, "Shekarun da kake kayar da 'ya'yan mutane, ka taɓa zuwa ka tambaye ni me ya sa? Su ma suna salla."

Gambo ya dubi ɗaurarren hannun. Can ya ce, "Rantsuwar fa?"

"Allah ya san da irinku, shi ya sa ya ajiye kaffara. Ka kwance, ka ciyar da miskinai goma."

"Mutane za su yi mini dariya."

"Ai sun riga sun fara. Ka bar su su ƙarasa, kowa ya huta."

A nan bakin masallaci, a gaban kowa, ya miƙo mini hannu yana kallon gefe. Zaren ya nutse cikin nama, bakin ƙullin ya ɓace. Na aika aka kawo ruwan ɗumi na jiƙa, bai saki ba. A sana'armu abin kunya ne mai ɗauri ya sa wa zarensa wuƙa, kuma ban taɓa yi ba sai ranar. Da tsumman ya fita, sahun gaba ya ja da baya saboda wari. Hannun ya yi fari fat, ya yamutse kamar rogon da ya kwana a ruwa. Da jini ya fara komawa Gambo ya ciji leɓe, hawaye na zuba, ni kuwa farin ciki ya kama ni, don hannun da ke ciwo bai mutu ba. Malam ya jira shi ya wanke shi har gwiwa, sannan aka ta da salla.

Yatsu uku sun dawo. Ƙaramin da na kusa da shi ba su ƙara miƙewa ba har ya koma ga Allah. Ya sake shiga fage bayan shekara, ya ci wasu, wasu suka ci shi, kuma in ya faɗi kafin in tashi daga tabarma ya riga ya iso da hannu a miƙe. Amma wannan daga baya ne. A lokacin saura kaffara.

Ciyar da miskinai goma a shekarar fara ba ƙaramin rikici ba ne, don duk Tudun Wada miskinai ne. Lami ta share ƙasan rumbu ta tuƙa tuwon dawa, 'yan'uwa mahauta suka haɗa ƙafafun sa aka yi miya. Kafin tuwo ya nuna ƙofar gidan ta cika maƙil. Har Ɗanjuma ya zo ya zauna a gaba ya saka kalangu a bayansa, wai shi ma ai maraya ne. Malam Haruna ya dubi taron ya ce duk wanda ya iya takowa da ƙafarsa yana da sauran ƙarfi, a je a nemo waɗanda yunwa ta hana fitowa. Ya raba mu, ni aka tura wajen unguwar Gyallesu da jakin maƙwabci.

A wata tsohuwar bukka da leburori ke kwana na tarar da mutum kwance, an rufa masa buhu, dogayen ƙafafu sun leƙo waje. Na ɗaga buhun. Sanda ne. Bai je Kano ba, bai kuma koma wurin aljanu ba. Dawar da ya samu sun raba da abokan kwanansa, ta ƙare, zazzaɓi ya kwantar da shi. Na tsaya ina tunani: in kai shi, ko in bar shi? Na dubi wuyan hannun nan da na taɓa ninka wa tsumma, na ciccibe shi na ɗora a jaki.

Da muka iso, hayaniya ta mutu. Ɗanjuma ya lallaɓa hannu baya yana laluben kalangu, Malam ya harare shi ya fasa. Gambo na tsugune gaban akushi, hannun a shafe da man kaɗanya. Ya miƙe tsaye. Na sauke Sanda na jingina shi da danga, na tsaya kusa, ko da yake ban san abin da zan iya tarewa ba.

Gambo ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ce, "Kai ne."

Sanda ya ce, "Ni ne. An ce akwai tuwo."

"Akwai. Amma don Allah faɗa mini abu ɗaya, ya hana ni barci. Naushin nan, wa ya koya maka? Ta ina ka fito da shi?"

Sanda ya ƙifta ido. "Wane naushi?"

"Wanda ka kayar da ni da shi!"

"Wallahi ban naushe ka ba. Rabona da abinci tun shekaranjiyar ranar. Da ka taso, jiri ya ɗebe ni, na miƙa hannu in dafa kafaɗarka kada in faɗi. Sai na ga ka riga ni."

Lami ce ta fara, daga bayan danga, dariya har da buga cinya. Sai taron duka ya ɗauka. Malam ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Gambo ya tsaya kamar an dasa shi, yana duban yatsunsa biyu da suka lanƙwashe. Na zaci zai fashe da fushi. Sai na ga cikinsa ya fara motsi, dariya ta ƙwace masa, ya yi ta yi har ya zauna a ƙasa daɓas.

Da ya sami numfashi ya ce, "Ashe ba kai ka kayar da ni ba."

Sanda ya ce, "Ni dai ina wurin."

"Alhamdu lillahi," in ji Gambo, yana share ido da bayan hannu. "Wanda ya kayar da ni, ba a ramawa a kansa. Matso da akushin nan, Ilu."

Na matsar. Sanda ya kai hannu zai gutsura, ba ƙarfi a hannun, lomar ta suɓuce ta faɗi a cinyarsa. Ya sake, ta sake faɗuwa. Gambo ya gyara zama ya matso gab da shi, ya yi bisimilla, ya sa hannun daman nan, yatsu uku masu aiki, ya yanko loma irin tasa ta mahauta, ya dulmiya a miya ya nufi bakin Sanda da ita da sauri.

Sanda ya kauce kaɗan, ya ce, "A hankali, Taɓarya. Wannan karon ina ganin hannun."